Koyar da Tarihi da Taswira a Makarantun Midil na Arewa

Tarihi da labarin ƙasa 'yan ɗaki ɗaya ne, domin babu abin da ya taɓa aukuwa sai a wani wuri, babu kuma garin da ya zauna inda ya ke ba tare da dalili ba. Amma tun sa'ad da aka kafa makarantun boko a Nijeriya ta Arewa aka raba musu gida. Aka ba kowannensu sa'arsa da littafinsa, yaro ya haddace sunayen sarakuna da safe, ya haddace sunayen koguna da hantsi, ba a cika nuna masa abin da ya haɗa sarki da kogi ba. Wannan takarda za ta bi tarihin yadda aka koyar da fannonin nan biyu ga yaran da suka gama elemantare, watau waɗanda a da a ke kira 'yan Midil, yanzu kuwa 'yan ƙaramar sakandare. Sa'an nan za ta kawo misalai uku daga tarihin ƙasar Hausa, don a ga cewa taswira shaida ce kamar yadda littafi ya ke shaida. Ana yi mata tambaya, ana gwada maganarta da ta wani, kuma yaro ɗan shekara 12 ko 14 yana iya wannan aiki in ya sami malamin da zai sa shi hanya.

Kafin zuwan boko

Bincike ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman zaure da suka karanta ilmin hadisi sun san ba a karɓar magana sai an san wanda ya faɗe ta, da wanda ya ji daga gare shi, da kuma ko shi amintacce ne. Wannan ita ce ƙa'ida ta fari ga mai binciken tarihi ko'ina cikin duniya. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, sa'ad da ya wallafa Infaƙul Maisuri a 1812, ya fara ne da bayanin ƙasashe, Barno da Ahir da ƙasashen Hausa da maƙwabtansu, kafin ya shiga labarin jihadi. Da ya zo kan jayayyar da ta shiga tsakanin shugabannin jihadi da Shehu Laminu na Barno, sai ya kawo wasiƙun abokin jayayyarsa tare da amsoshin da aka mayar masa, don mai karatu ya ga hujjar kowa. Mutumin da ya yi haka ya san tarihi yana bukatar ƙasar da zai tsaya a kai, yana kuma bukatar shaida fiye da ɗaya.

Fatake su ma suna da nasu sani. Madugun da ke jan ayari daga Kano zuwa Gwanja saboda goro yana ɗauke da hanyar duka a kansa: zango nawa ne tsakanin wannan gari da wancan, ina rijiya ta ke, ina a ke ƙetare gulbi, wane sarki a ke gaisarwa kafin a wuce. Nisa a wurinsa da kwana a ke auna shi. Ko da ya ke ba a zana ta a takarda ba, wannan taswira ce mai ma'auni, wadda mutum ke dogara gare ta da ransa da dukiyarsa. Yaron da ya shiga makarantar boko a farkon ƙarni na 20 daga cikin irin wannan jama'a ya fito, ba da hannu wofi ya zo ba.

Daga Nassarawa zuwa Midil

A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nassarawa, bayan birnin Kano. Ɗaya daga cikin bukatun da ke gaban hukuma a lokacin ita ce samun malaman da za su auna gonaki saboda haraji. Su ne aka riƙa kira malaman taki, domin da takun ƙafa su ke awo. Saboda haka farkon haɗuwar talaka da mai awon ƙasa ta hanyar haraji ce, kuma ba abin mamaki ba ne in aka daɗe ana duban taswira a kan kayan aikin hukuma, ba abin da ya shafi sanin asalin mutum ba.

An buɗe Kwalejin Katsina a 1921 don horar da malamai, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922. A 1929 aka haɗa ma'aikatun ilmi na Arewa da Kudu a ƙarƙashin shugaba ɗaya, daga 1930 kuma aka sake tsarin makarantu, manyan makarantun larduna suka koma Midil. A elemantare da Hausa a ke koyarwa a yawancin larduna, a Midil kuwa Turanci ne ke ɗaukar darasi. Waɗanda suka fito daga Katsina su ne suka riƙe azuzuwan nan. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauchi har ya zama shugabanta, daga baya Malam Aminu Kano ma ya koyar a can.

Littattafai ba su yi ƙamfa gaba ɗaya ba. S. J. Hogben, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya fitar da littafinsa na tarihin masarautun Musulmi na Nijeriya da Turanci a 1930. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda Rupert East ya shugabanta, ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu kashi biyu, a 1932 da 1933, inda aka juyo waɗansu tsofaffin littattafan tarihi daga Larabci zuwa Hausa, har da tarihin sarakunan Kano. Wannan aiki ne babba, domin ya sa ainihin maganar magabata a hannun ɗan makaranta cikin harshensa. A shekarun 1950 kuma aka ƙara da Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne koya wa yaro yadda zai yi wa waɗannan littattafai tambaya. Jarrabawa, kamar yadda ta saba, ta fi son abin da ke da sauƙin dubawa, watau suna da shekara, malami kuwa abin da jarrabawa ke so shi ya ke koyarwa. Yaran da suka zo da ƙarfin hadda daga makarantar allo sai suka yi fice, aka ɗauka an sami biyan bukata. Taswira kuma tana rataye a bango, ana nuna ta da sanda, ana kwafe ta cikin littafin aiki, ba a tambayar wanda ya zana ta ko dalilinsa.

A cikin shekarun 1950 aka rushe tsarin Midil, aka mai da makarantun manyan firamare da sakandaren larduna. A daidai lokacin binciken tarihi ya bunƙasa a sama. An kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya a 1955, an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, inda Abdullahi Smith da almajiransa suka duƙufa kan tattara rubuce-rubucen Larabci da labaran baka. Sai dai hanyoyin da suka bi ba su gangaro zuwa ƙananan azuzuwa ba. Da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982, tarihi da labarin ƙasa a ƙaramar sakandare sai suka narke cikin darasin zaman jama'a, wajen 2009 kuma aka daina lissafa tarihi a kan darasi mai zaman kansa a wannan mataki. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da shi tare da horar da malamansa. Tambayar da ke gaban kwalejojin horon malamai ita ce, da wace kama zai komo? Misalan da ke tafe suna nuna kama ɗaya da zai iya komowa da ita.

Misali na fari: taswirar Sarkin Musulmi Bello

A watan Maris na 1824 wani Baturen Ingila mai suna Hugh Clapperton, wanda aka kira Abdullahi a tafiyarsa, ya iso Sakkwato bayan ya biyo ta Tarabulus da Kukawa da Kano. Waziri Giɗaɗo ne ya kula da masaukinsa, ya kuma gana da Sarkin Musulmi Bello sau da yawa. Babban abin da ke damun masanan Turai a lokacin shi ne inda kogin Kwara ya ƙare. Mungo Park ya bi shi da jirgin ruwa har ya halaka a Busa, bai kai ga amsa ba. Waɗansu na cewa yana ɓacewa cikin wani tafki a tsakiyar Afirka, waɗansu na cewa shi ne ke zama Nilu na Masar.

Clapperton ya rubuta cewa a wata ganawa Bello ya zana masa hanyar kogin a kan rairayi, ya gaya masa yana faɗawa teku a wani wuri da a ke kira Funda. Amma kafin ya tashi daga Sakkwato a watan Mayu aka ba shi taswira a takarda, mai rubutun Larabci, wadda aka buga da sunan Bello cikin littafin tafiyarsu da Denham a 1826. A jikin wannan taswira an nuna Kwara ta juya gabas, an kuma rubuta cewa ita ce ke isa Masar. Ga shaida biyu daga fada ɗaya cikin wata biyu, kowace ta nufi wata fuska dabam. Clapperton ya komo Sakkwato, ya rasu a can a watan Afrilu na 1827. Baransa Richard Lander ne tare da ƙanensa John suka bi kogin da kwalekwale daga wajen Busa a 1830, suka fita teku a watan Nuwamba, gardama ta ƙare.

Malamin da ya saba da hadda zai ce wa yara taswirar Bello ta yi kuskure, ya wuce. Da haka kuwa ya zubar da darasin duka. Abin da ya kamata shi ne ya ajiye hoton taswirar nan kusa da taswirar Nijeriya ta yau, ya bar yara su nemo dalilin saɓanin. Akwai aƙalla dalilai huɗu da za su iya kaiwa gare su in an ja su da tambaya. Na ɗaya, tsofaffin littattafan Larabawa na labarin ƙasa sun daɗe suna kiran babban kogin ƙasar Sudan da sunan Nilu, suna kuma haɗa shi da na Masar, mai zane kuwa yana iya bin abin da ya karanta. Na biyu, kalmar baharu a Larabci tana ɗaukar teku, tana kuma ɗaukar babban kogi, don haka zance ta bakin tafinta yana iya rikicewa. Funda ma kanta ba a bakin teku ta ke ba, tana can kusa da Binuwai, ba nisa da mahaɗar kogunan biyu. Na uku, duk wanda ya dubi mahaɗar Kwara da Binuwai a Lokoja cikin zanen da ba a nuna inda ruwa ya nufa ba, yana iya zaton kogi ɗaya ne ya karya ya yi gabas. Na huɗu, sarki yana da dalilin da zai hana shi buɗe wa baƙo hanyar ruwa zuwa ƙasarsa. Labarin yadda Ingilishi suka mallaki ƙasar Hindu ya riga ya iso Sakkwato, kuma ba a bar Clapperton ya tafi Yawuri da Nufe ya ga kogin da idonsa ba.

Ba lalle ne ajin ya yanke hukunci a kan dalili ɗaya ba, masana ma ba su taru a kan ɗaya ba. Ribar ita ce yaro ya fita da tambayoyin da zai yi wa kowace taswira: wa ya zana ta, don wa, ya gani da ido ne ko ji ya yi, me zai samu in ya faɗa, me zai rasa. Sa'an nan a nuna masa cewa taswirar Turawa ma tana tsufa. Busa da Park ya sani ta nutse ƙarƙashin tafkin Kainji a 1968, aka mai da mutanenta sabon gari, saboda haka wanda ya nemi wurin da taswirar 1950 zai sami ruwa.

Misali na biyu: ganuwar Kano da shekarun sarakuna

Kowane ɗan makaranta a Kano ya taɓa jin cewa Bagauda ya yi sarauta daga 999 zuwa 1063. Kaɗan ne aka gaya musu cewa waɗannan lambobi ba su cikin ainihin littafin tarihin sarakunan Kano. Littafin tsawon mulkin kowane sarki ya ke bayarwa, wane shekara kaza, wane wata kaza. H. R. Palmer ne, da ya fassara shi zuwa Turanci ya buga a 1908, ya jera shekarun nan ya yi lissafi da baya, daga sarakunan da aka san lokacinsu har zuwa na farko. In mai kwafe ya ɓata lamba ɗaya, ko an tsallake sarki ɗaya, to duk shekarun da ke gabaninsa sun goce.

Akwai lissafi mai sauƙi a nan da ya dace da ajin Midil. Littafin ya ce Bagauda ya yi shekara 66, amma daga 999 zuwa 1063 shekara 64 ce. Ya ce Muhammadu Rumfa ya yi shekara 37, amma daga 1463 zuwa 1499 shekara 36 ce. Malami ya bar yara su nemo inda ragowar ta shiga. Amsar ita ce shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, don haka shekara 100 ta wata daidai ta ke da kimanin 97 ta rana. Yaron da ya gano wannan da kansa ya gane cewa shekarun da ke cikin littafinsa mutum ne ya ƙirga su, kuma ana iya bin sawunsa a duba.

Daga nan sai a koya masa neman shaida daga waje. Littafin ya haɗa zamanin Rumfa da zuwan Shaihu Magili, rubuce-rubucen Magili kuwa sun wanzu, ciki har da nasihar da ya yi wa Sarkin Kano wajen 1492. Wannan ya faɗa cikin shekarun da aka ba Rumfa, saboda haka lissafin ya sami madogara a wannan gaɓa. Ga sarakunan farko kuwa babu irin wannan madogara, sai a riƙe shekarunsu da sassauci. Ya kamata kuma yara su san masana sun yi saɓani a kan lokacin da aka tsara littafin kansa. Murray Last a 1980 ya kai tushensa ƙarni na 17, John Hunwick kuwa a 1994 ya kawo hujja cewa a shekarun 1880 aka tsara shi yadda ya ke, zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Dabo.

A nan ne taswira ke shigowa ta taimaki littafi. Tarihin ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya sake ƙarawa a ƙarni na 17. Ya kuma ambaci ƙofofi 8 na ganuwar farko. Waɗansu daga cikinsu, kamar Mazugal da Waika da Kansakali da Ƙofar Ruwa, sanannu ne har yau, waɗansu kuwa, kamar Tuji, ba su cikin ƙofofin ganuwar da ta kewaye birni a ƙarshe. In yara suka ɗora sunayen da aka sani a kan taswirar birni, tare da Dala da Gwauron Dutse da Jakara da Gidan Rumfa, sai su ga wace fuska ce ganuwa ta tsaya inda ta ke, wace fuska ce ta matsa. Kududdufai ma shaida ne, domin da yawansu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne.

Baƙi sun bar nasu awo. Clapperton a 1824 ya ce kewayen ganuwar ya kai mil 15, da ƙofofi 15. Heinrich Barth, wanda aka kira Abdulkarim, ya zo a 1851, ya zana fasalin birnin da unguwanninsa, ya nuna yadda wani babban yanki na cikin ganuwa fili ne da gonaki. Waɗanda suka auna daga baya da kayan safiyo sun sami kewayen bai kai abin da Clapperton ya faɗa ba. Hanya mafi kyau ta nuna wa yaro dalilin irin wannan bambanci ita ce a mai da shi malamin taki. A auna mita 100 a filin makaranta, kowane yaro ya ƙirga takunsa a kai, sa'an nan su auna tsakanin ƙofa biyu, su gwada abin da suka samu da juna, da kuma ma'aunin taswira. Yara 40 za su kawo amsa 40, daga nan ba sai an yi musu dogon bayani a kan kintace da awo ba. Gani ya kori ji.

Wannan aiki yana da gaggawa. An sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO a 2007, amma gine-gine sun riga sun cinye sassa masu yawa. Haka abin ya ke a Zariya da Katsina da ƙananan birane. Ajin da ya zana abin da ya rage a garinsu, ya rubuta ranar da ya zana, ya bar wa na baya shaida.

Misali na uku: da'irar Sakkwato

Iyakar Nijeriya da Nijar ita ce layin da yara suka fi yarda da shi a taswira, kamar tare da ƙasa aka halicce shi. Tarihinsa kuwa gajere ne. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, alhali kuwa babu ɗayansu da ke mulkin ƙasar da layin ya ratsa. A 1898 suka sake shi, suka ce wani sashensa ya bi da'irar da aka zana daga tsakiyar birnin Sakkwato da nisan mil 100, watau kilomita 161. Faransawa suka tarar an bar su da hanya marar ruwa tsakanin Kwara da Damagaram, suka nemi gyara. A yarjejeniyar 1904 da ta 1906 aka matso da layin kudu, daga 1906 zuwa 1908 kuma aka bi shi a ƙasa ana kafa alamu.

Yaro yana iya zana da'irar 1898 da kansa, da zare da allura, in ya san karanta ma'auni. Zai tarar Birnin Ƙonni, wanda bai kai mil 60 daga Sakkwato ba, yana cikin da'irar, amma yau a Nijar ya ke, yana fuskantar Illela. Sa'an nan ya sa alama a kan Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, da Tsibiri da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da Sabon Birni. Gidan sarauta ɗaya ne, amma Tsibiri tana Nijar, Sabon Birni yana Nijeriya. Haka Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina na dauri suka zauna bayan jihadi, sarkinta yana amsa sunan Sarkin Katsina. Yaron da ke da dangi a ƙetaren iyaka zai gane cewa rijiyoyi da shawarar da aka yi a Turai su ne suka raba su, zai kuma gane cewa taswira ba ta tsaya ga faɗin abin da ke akwai ba, wani lokaci ita ke yanke abin da zai kasance.

Abin da ya rage ga masu horar da malamai

Babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da ke bukatar kaya masu tsada. Zare, da allura, da takarda, da taswirar safiyo ta yankin, da hoton tsohuwar taswira sun isa. Inda akwai waya mai intanet, hoton da tauraron ɗan adam ya ɗauka ya kan nuna sawun tsohuwar ganuwa ko kufai da ido bai gani daga ƙasa. Akwai dai ƙa'idodi kaɗan da ya kamata a dasa wa malami tun yana kwaleji.

Ya fara da shimfiɗa taswira a ƙasa, ya daidaita ta da fuskokin gari. Yaron ƙasar nan da gabas ya ke kama hanya, saboda alƙibla, taswirar bango kuwa arewa ta sa a sama, har waɗansu yara su kan yi zaton Kano tana bisa Zariya. Yana da kyau a gaya musu cewa Idrisi, wanda ya gama babban littafinsa na labarin ƙasa a 1154, kudu ya sa a sama. Sa'an nan ya fara daga gida: sunan unguwa, da tsohuwar kasuwa, da burtali, da inda a ke sallar idi, kafin ya kai su Masar ko Rum. In ya aiki yara wurin dattawa, ya sa su tambayi mutum biyu dabam dabam, su rubuta sunan mai ba da labari, da wanda ya ji daga gare shi, da ranar da aka yi hirar. Ya kuma yi hattara da labarin da ya shafi bauta ko rikicin sarauta, ya nemi iznin mai unguwa ko dagaci tukuna, domin tarihin gida yana da masu shi.

Mafi wuya duka shi ne malami ya saba da barin tambaya a buɗe in shaida ba ta isa ba. Wanda aka horar a kan cewa kowace tambaya amsa ɗaya gare ta zai ji kamar girmansa ya zube in ya ce wa yara masana ba su daidaita ba. Saboda haka kwaleji ba za ta iya koya masa wannan da lacca ba. Sai ta fitar da shi fili ya yi takun da ƙafarsa, ya yi lissafin shekarun Bagauda da hannunsa, ya zauna gaban taswirar Bello ya rasa tabbas, kafin a ba shi aji. Masu shirya jarrabawa su ma suna da nasu rabo, domin muddin suna da shekara kaɗai a ke ba maki, hadda ce za ta ci gaba da mulkin aji. In aka ajiye wa yaro ɗan guntun labari ko ɗan zane cikin takardar jarrabawa, aka ce ya faɗi wanda ya yi shi da abin da ya sa za a yarda da shi ko a yi shakka, to cikin 'yan shekaru kaɗan malamai za su fara koyar da abin da a ke tambaya.